DAGA TURKE ZUWA TAKARDA: TARIHIN SANIN DOKI A ƘASAR MAGARIYA DA DUNGAS

Wannan karo shafinmu na tarihi zai yi magana a kan doki.

Abin da ya sa mu ka ɗauko wannan magana shi ne, a biranen ƙasarmu akwai wani sabon karatu da ya shigo. Mutum ya kan tarar da samari, har da magidanta, sun duƙufa a kan wata takarda mai lambobi, suna bin labarin dawakin da za su yi sukuwa a Faransa: wane ne ya zo na ɗaya makon jiya, wane ne ya gaza, wane aka ƙara wa nauyi, wane ya sami shiga babbar sukuwa. A cikinsu akwai ƴaƴan garinmu. Suna ɗaukar abin wani ilmi ne na zamani wanda mutanen ƙauye ba su taɓa jin ƙanshinsa ba. Alhali kuwa bin sawun doki kafin babbar rana tsohon ilmi ne a ƙasar nan, kakanninmu sun yi shi tun sa'ad da kuskure a cikinsa ke jawo asarar rai. Za mu bi wannan ilmi daga inda ya taso zuwa inda ya tsaya yau, domin mu ga abin da ya sāke a hanya, da abin da sākewar ke ci mana.

ZAMANIN DA DOKI KE TSARON GARI

Doki ya daɗe a ƙasar Hausa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma ya kan aika da dawaki Kwararrafa a maido masa da bayi. Wani matafiyi mutumin Fas, Alhasan Alwazzan, wanda ya gama rubuta labarin tafiyarsa a 1526, ya ce Sarkin Barno ya kan ba fataken arewa bawa 15 ko 20 a kan doki guda. Mu tsaya mu yi tunani a kan wannan lissafi. Kuɗin doki ɗan Adam ne, kuma sau da yawa da dokin nan a ke komawa a kamo wasu.

Tsadar tana da dalili. Doki ba ya daɗewa a ƙasashen kudu, inda tsando ke sa masa cutar sammore, saboda haka kullum sarakunan can suna bukatar sababbi daga arewa. Ƙasarmu kuwa ta dace da kiwon doki: ga jigawa mai yashi wadda ba ta cin kofato, ga gero, ga harawar wake, ga kanwa tana zuwa daga Manga da Muniyo a gabas.

Bayan haka, zaman da Allah ya yi mana zama ne na bakin iyaka. Dungas da Wacha suna cikin ƙasashen Sosebaki tare da Mirriya, sun bi Barno, daga baya su ka shiga ƙarƙashin Damagaram. Magariya kuwa sarautarta ta fito daga tsohuwar zuriyar sarakunan Daura, waɗanda su ka bar birninsu bayan da jama'ar jihadi su ka ci shi a wajen 1805, su ka watsu zuwa Zango da Baure da Magariya. Watau ta arewa ga Damagaram, ta kudu ga Daura da Kazaure da Kano, ta kudu maso gabas ga Gumel. Duk rundunar da ta tashi daga wani gefe zuwa wani, ƙurarta sai ta sauka a kan gonakinmu. Haka aka zauna zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya gina ganuwar Birni, ya sa aka ƙera igwa a gida, ya rasu a 1884. Haka kuma zamanin Amadu Kuren Daga, wanda ya hau a 1893, ya kai yaƙi ƙasar Kano har Gezawa a 1898.

A irin wannan zama, sanin doki aiki ne na fada, yana da masu sarautarsa. Shamaki ke kula da barga, Madawaki ke jan mahaya, barade kuma kowa ya san abin hawansa kamar yadda ya san ɗansa. Sun raba dawaki bisa ga aikin da kowane zai iya. Ɗan lifida yana son ingarma mai faɗin ƙirji, domin shi da lifidinsa da sulkensa kaya ne mai nauyi, ba a kuwa neman gudu mai nisa daga gare shi. Manzon da zai kai labari daga Dungas zuwa Damagaram yana son mai dogon numfashi, wanda zai yini yana sassarfa bai karaya ba. Mai kai hari da asuba yana son mai zafin tashi. Wanda ya ɗora lifidi a kan dokin manzo, ko ya aiki ingarma doguwar tafiya, ya kashe dokin, wataƙila ya kashe kansa. Ashe ke nan maganar nauyi da nisa, wadda samarinmu ke karantawa a takardar Faransa, tsofaffinmu sun san ta da jikinsu.

Wannan zamani ya ƙare a Tirmini, yamma da Damagaram, cikin watan Yuli na 1899, ranar da dawakin Amadu Kuren Daga su ka gamu da bindigogin Faransa masu saurin ɗuri. Daga ran nan doki ya daina tsaron gari.

YADDA A KE KARANTA DOKI

Yaƙi ya wuce, amma ilmin bai wuce ba, ya zauna a hannun masu barga da dillalai da dattawan mahaya. Ga kaɗan daga cikinsa, kamar yadda iyayenmu su ka riƙe shi.

Farko a kan buɗe baki. Dukushi yana fid da haƙoransa na nono na gaba biyu-biyu, sama da ƙasa, yana da shekara biyu da rabi, sai uku da rabi, sai huɗu da rabi, in ya kai biyar bakinsa ya cika. Mai sayarwa ya faɗi abin da ya ga dama, haƙori ba ya ƙarya. Sa'an nan a dubi kofato ko da tsaga, a shafa ƙafafu ko da kumburi ko zafi, a ɗaga jalala a dubi baya ko da tsohon miki. Launi ma a kan yi zancensa, akawal ne ko kili, bidi ne ko gunya, danda ne ko hurde, kuma kowane gida da irin wanda su ke so da wanda su ke camfawa. Amma gwanaye sun san launi ado ne, ba ya gudu.

Babban gwaji yana zuwa bayan sukuwa. Ba a tambayar wane ne ya riga isa kaɗai. A kan tsaya a ga wane ne hakinsa ya riga kwantawa, wane ne ya tsaya yana rawar ƙafa, wane ne da aka mai da shi turke ya sa baki a dusa nan da nan, wane ne ya juya wa abinci baya. Washegari da sassafe a kan koma a ga ko akwai mai ɗingishi. Dokin da ya zo na uku amma ya kwana lafiya ya ci abincinsa, sau da yawa shi gwanaye ke riƙewa a zuci, su bar na ɗayan da ya kwana yana nishi.

Kuma gwaji ɗaya ba ya isa. Tun da sauran makonni kafin Salla a ke fara kilisa da yamma. Daga nan sai ƴan tsere tsakanin dawakin unguwa, daga bakin gari zuwa wata tsamiya ko wani gawo da kowa ya sani. Ranar kasuwa ko ranar bikin wani babba a gamu da na ƙauyukan kusa. A gwada doki a yashi, a gwada shi a tsandauri, a gwada shi a gajeren fili, a gwada shi a dogo, a sāke masa mahayi a gani. Kafin ranar hawa an yi tankaɗe da rairaya, an san wanda zai ɗauki sunan gari zuwa gaban sarki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Har dabarar daidaita tsere akwai ta. In wani doki ya gagara, babu mai yarda ya kara da shi, sai dattawa su ce a ba sauran rata ta taki kaza, ko kuwa a ce babban mutum ya hau shi, sauran a ɗora musu yara marasa nauyi. Masu wayo kuma tun can akwai su: mutum ya riƙe linzami a ƙaramin tsere don kada a gane ƙarfin dokinsa, ya riƙa fita da shi kilisa kafin kiran assalatu. Sai dai a ƙauye ɓoyon ba ya daɗewa, gama mai yankan ciyawa ya gani, mai zuwa rijiya da duku-duku ta gani. Wannan shi ne ginshiƙin ilmin duka: ido ne a kan doki, yau da gobe. Shi ya sa in wani ya cika yabon dokinsa a majalisa sai a yi murmushi a ce, dokin mai baki ya fi gudu.

ZAMANIN NASARA DA KUƊIN GYAƊA

Da Nasara su ka zauna, sai su ka ja iyaka. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi aka kafa alamomin da su ka raba Magariya da Zango da Baure, su ka raba Dungas da Maigatari da Gumel. Amma doki bai san iyaka ba, dillalai ma haka. Har yau kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis tana cikin manyan wuraren da dabbobin ƙasarmu ke sāke hannu.

A ƙarƙashin kumandan, doki ya zama abin aikin mulki da abin ado. Da shi sarki ke zagaya ƙasa wajen lanho, da shi gardi ke kai sammaci, kuma ranar bikin Faransa ta 14 ga Yuli a kan tara mahaya a bariki a yi hawa da sukuwa. Damagaram ce babban birnin mulkin ƙasar daga 1911 har 1926 da aka mai da shi Yamai. A wannan zamani ne sukuwa irin ta Turai ta shigo, mai zagayayyen fili, da tuta, da alƙali, da kyautar da aka ƙayyade. A wancan gefen iyaka Ingilishi sun kafa filayen sukuwa a Ikko da Kano da sauran birane. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya rungumi sukuwa da ƙwallon doki, ɗansa Usman Nagogo kuma, wanda ya gaje shi har 1981, sunansa ya kai ƙasashen waje a wasan ƙwallon doki.

Abin da ya sa doki ya sauko daga fada ya shiga gidan talaka a ƙasarmu shi ne gyaɗa. Magariya da Matamaye su ne cibiyar gyaɗar Nijar. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayenta. Dattawanmu suna tune da lokacin: in an buɗe awo, manomi ya biya lanho, ya yi wa iyali tufafi, in da saura sai ya ɗaura goɗiya ko dukushi a turke. Ganyen gyaɗar kansa abincin doki ne. Ango ba ya zuwa gaisuwar surukai a ƙasa, kuma babu bikin kirki da za a watse ba a yi sukuwa ba.

Sai fari ya zo. Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya, a 1973 da 1974 abin ya kai maƙura, a 1975 kuma cutar da darɓa ke yaɗawa ta cinye gyaɗa. Doki yana cin hatsin da mutum ke ci, saboda haka in rumbu ya yi ƙasa shi a ke fara kai wa kasuwa. Waɗanda su ka tsira sai yunwar 1984 ta same su, wadda mutanenmu su ka sa wa suna El-Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya daga 1984 zuwa 1986. Bayan wannan keke da amalanke su ka karɓi wani aikin doki, babur mai araha ya zo ya karɓe sauran. A 2019 kuma wata annoba ta numfashi ta bi jakuna da dawaki a ƙasar nan ta yi ɓarna. Turaku da yawa sun zama wurin ɗaure tumaki. Shekarun nan dai su ne su ka kori da yawanmu zuwa birane, inda mu ka tarar da wani irin doki na dabam, wanda ke zaune a kan takarda.

SUKUWAR DAIDAITA NAUYI

Domin iyayenmu na gida su gane abin da ƴaƴansu ke karantawa, bari mu bayyana yadda Nasara su ka tsara tasu sukuwar.

Suna da wani irin tsere da su ke kira handikaf, mu kuwa sai mu ce sukuwar daidaita nauyi. Akwai ma'aikaci na musamman, alƙalin nauyi, wanda aikinsa shi ne ya bi kowane doki a duk tseren da ya yi, ya ba shi daraja da lissafin kilo. Ranar sukuwa a kan auna mahayi da sirdinsa a sikeli, in bai kai nauyin da aka yanka wa dokinsa ba sai a cika da dalma a cikin aljihun jalala. Doki mafi ƙarfi shi ke ɗaukar mafi nauyi, tsakaninsa da na ƙarshe ya kan kai kilo 8 ko 10. In doki ya ci tsere a ƙara masa, in ya yi ta faɗuwa a rage masa. A tseren sassarfa kuma, inda doki ke jan ɗan keke, a kan mai da waɗanda su ka fi cin kuɗi baya da mita 25. Ratar dattawanmu ke nan, an sa mata ma'auni.

Manyan sukuwa suna da ƙofa, ba kowane doki ke shiga ba. A ƙasar Ostareliya akwai Kofin Melbon, wanda aka fara a 1861, a ke yin sa ranar Talatar farko ta watan Nuwamba a kan mita 3,200. Sukuwar daidaita nauyi ce, doki 24 kaɗai a ke ɗauka, kuma akwai wasu tsere na share fage waɗanda duk dokin da ya ci ɗayansu ya sami gurbi kai tsaye. A Faransa, babbar sukuwar sassarfa da su ke kira Kyautar Amurka, wadda aka fara a 1920, a na yin ta a filin Vincennes ranar Lahadin ƙarshe ta Janairu a kan mita 2,700, doki 18, kuma tun daga Nuwamba a ke jera tseren neman shiga. Mu da mu ka san kokowa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, ɗan kokowa sai ya yi kaye a ƙauye da gunduma kafin ya shiga cikin goman da jaha za ta aika neman takobi.

Cacar da ke bisa wannan sukuwa ita ma tana da tarihinta. Wani mai suna Joseph Oller ya ƙago tsarin tara kuɗin masu zubi wuri ɗaya a 1867, dokar Faransa ta amince da shi a 1891, a 1930 aka yarda a riƙa zubi daga cikin gari ba sai an je fili ba, wannan shi ne asalin PMU. A 1954 André Carrus ya fito da tiyarse, watau cankar doki uku na farko, a 1989 aka ƙara da kante, cankar biyar. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990 abin ya bazu a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, a Nijar kuma hukumar LONANI ke sayar da tikitinsa.

ABIN DA TAKARDA KE FAƊI DA ABIN DA TA KE ƁOYEWA

A gaban sunan kowane doki akwai jerin lambobi da baƙaƙe, wanda masu wasan ke kira kiɗan doki. Lamba ta hagu ita ce tseren da ya yi na baya-bayan nan. In an rubuta 1 ya zo na ɗaya, in an rubuta 0 bai shiga cikin tara na farko ba, in an sa D an fitar da shi saboda laifi. Ga nauyinsa, ga sunan mahayi, ga nisan fili. Gaskiya tsari ne mai kyau, kuma mai horon doki a can yana amfana da shi, domin yana haɗa shi da abin da idonsa ya gani a barga.

To amma mu dubi abin da ke hannun ɗan'uwanmu da ke zaune a Yamai ko Arlit. Yana da amsar tambaya ɗaya, wane ne ya riga isa, wadda dattawanmu su ka ce ita ce ƙaramar tambaya. Bai ga haki ba, bai ga ko dokin ya ci dusarsa ba, bai shafa ƙafarsa da safe ba. In mai horo ya sa dokinsa a filin da bai dace da shi ba sau uku don a rage masa nauyi, babu mai yankan ciyawar da zai kawo labari. Abu na biyu ya fi wannan. Duk abin da ke cikin takardar, alƙalin nauyi ya riga shi karantawa, kuma aikinsa shi ne ya soke shi da dalma, har dawakin su iso kusan kai ɗaya. Da gangan a ke yawan zaɓen irin wannan tsere mai dawaki da yawa domin cacar doki biyar, saboda shi ya fi wuyar canka.

Ga lissafin, kowane ɗan lakwal ya gwada da alƙalami. In doki 16 ne a fili, hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa 3,360 ne. Hanyoyin da biyar na farko za su iya jeruwa kuwa 524,160 ne. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da rabin miliyan a gundumar Magariya. Watau kamar a ɓoye goro guda a aljihun mutum ɗaya tsakanin Bande da Ɗancawo da Kwaya da Sasumburum da Wacha da Yekuwa da Magariya kanta, a ce maka nuna shi. Sani ya kan rage wannan nisa kaɗan, amma ba ya kawar da shi. Bayan haka, tun kafin a raba wa waɗanda su ka ci, an riga an cire rabon masu shirya wasa da na gwamnati daga cikin tarin. Saboda haka in aka haɗa masu zubi duka, abin da ke komo musu kullum bai kai abin da su ka zuba ba. Haka aka gina abin, ba a kuwa ɓoye ba.

A ce mutum yana zuba dala 40 kowace rana. A shekara ya zuba jika 73. A yawancin shekaru wannan ya isa buhu biyu na gero da kaka. Wannan gero akwai bakin da ke jiransa a gida. Hukuncin caca a addini kuwa malamanmu sun sha faɗi, ba sai mun maimaita ba.

ABIN DA YA RAGE A HANNUNMU

Ba mu ce son doki laifi ba ne. Jininmu ne. Wanda zuciyarsa ke bugawa in ya ji labarin sukuwa, gadon kakansa ne ke motsi. Kuma doki na gaske bai ƙare ba. Har yanzu a na hawan Salla a Damagaram da Magariya da Dungas. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. A filayen sukuwa na Yamai da Maraɗi da Damagaram, da na Kano da Katsina da Bida, dawakin Nijar da Najeriya da Cadi suna gamuwa, an raba su aji-aji bisa asali: na gida, da talon, da ɗan Sudan, da na Turai. A ajin na gida babu abin da zai hana dokin da aka haifa a jigawarmu ya yi suna, in an sami mai kiwo da mai gwadawa.

Abin da ke shirin ɓacewa shi ne idon da ke karanta doki. Dattawan da su ka yi samartakarsu zamanin gyaɗa sun yi kaɗan, kuma ilminsu ba a rubuce ya ke ba. Don haka muna kawo shawara huɗu gaban taron ƙungiya mai zuwa. Ta farko, a ƙidaya dawakin da su ka rage a garinmu da ƙauyukan da ke kewaye, a san masu su. Ta biyu, a sa ɗalibanmu lokacin hutu su zauna da tsofaffin mahaya, su rubuta sunayen launi da na kayan doki da na cututtuka da alamomin gwaji, mu riƙa bugawa a wannan shafi. Ta uku, bayan an kai amfanin gona gida, a mai da ƙananan tsere, sau uku kafin babbar rana, ɗaya gajere, ɗaya dogo, ɗaya da ratar da dattawa za su yanka, babu zubin kuɗi a ciki, kuma kada a ɗora ƙaramin yaro a kan dokin da ya fi ƙarfinsa don neman sauƙin nauyi, ran yaro ya fi kowace kyauta. Ta huɗu, ƴan'uwa na waje masu sha'awar abin su haɗa ɗan abin da ya sauƙaƙa domin harawa da kanwa da allurar rigakafi, a zaɓi dokin da zai ɗauki sunan gari zuwa gunduma.

Wanda ya yi haka zai sami abin bi duk shekara. Zai buga waya gida ya tambayi yadda bidin gidan wane ya kwana bayan tseren Juma'a, ko akawal ya daina ɗingishi, ko dukushin bara ya fara fid da haƙori. In ya zo Salla ya je turke ya duba da idonsa, ya yi gardama da tsaransa a kan abin da dukansu su ka gani. Gani ya kori ji.

Duk dattijon da ke da wani abin tunawa game da dawakin garinmu, ko sunan wani doki da ya yi tashe, ko kirarin da a ke yi masa, muna roƙo ya aiko ta hannun magatakardan ƙungiya. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya maido da matafiyanmu gida lafiya. Wassalam.